Kebul Ɗaya Tsakanin Kwamfuta Biyu

Akwai masu jin kunyar tambaya, su gwammace su ɓata aiki da a ce ba su iya ba. Na ga abin da halin nan ya jawo wa wani a kan idona.

A layinmu akwai wani dattijo mai shagon hoto, 'yarsa Auta ce take tsare masa shagon. Kwamfutarsa ta tsufa, ya sayo sabuwa, aka rasa yadda za a kwashe hotunan shekara ashirin zuwa cikinta, har da na marigayiya mahaifiyar Auta. Sai aka kira wani saurayi mai gyara.

Da kebul guda shuɗi ya zo. Ya soka kai ɗaya a bayan tsohuwar, ɗaya a bayan sabuwar. Auta ta jawo kujera ta tambaye shi ina intanet ɗin da za su bi. Ya ce ba a buƙata, kowacce zai ba ta lambarta kamar lambar gida, su gane juna. Ta tambayi dalilin da lambobin suka bambanta a ƙarshe kawai, ta tambayi fitilar da ke ƙyaftawa a gindin kebul ɗin. Bai ƙosa ba. Can sai ga hotunan tsohuwar a fuskar sabuwar.

"Har sun shigo?" in ji ta.

"A'a, leƙe kike yi ta taga. Suna can ɗakinsu. Sai an kwafe su, kuma zai ci kwana biyu."

Da yamma ta tura masa saƙo: "Malamina, in an zare kebul ɗin, za su manta da juna?"

Ya amsa: "Kwamfuta takan manta, 'yar tambayata. Mai kebul ɗin ne ba zai iya ba."

Dattijo ya lura da zaman, bai yi masa daɗi ba, don ya riga ya yi wa Auta sha'awar ɗan amininsa, wani matashi da ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Injiniya ya ce aikin minti goma ne, jan sa kawai ake yi don a zauna da yarinya. Washegari dattijo ya sallami mai gyara, kwafin ko rubu'i bai kai ba.

Injiniya ya hau kujera, ya ga jerin hotuna a sabuwar, ya ce ai an gama. Auta ta ce masa leƙe ne.

"Ni za ki koya wa aiki?" Ya goge komai a tsohuwar don a sayar da ita. Ya juyo sabuwar, jerin ya ɓace, sai ɗan abin da aka riga aka kwafe.

Dattijo ya zauna a ƙasa.

Auta ta rubuta: "Malamina, an goge. Har na Mama."

"Kashe ta, kada kowa ya taɓa. Ina zuwa, in Baba ya yarda."

Ta nuna wa uban. Ya ce, "Ce masa ina roƙonsa."

Kwana uku mai gyara ya yi a kan tsohuwar, dattijo na gefensa. Dattijo ya tambaye shi ko hotunan za su dawo, ya ce ba zai yi alkawari ba, amma zai gwada. Na shekara biyu sun tafi har abada. Sauran suka dawo. Da fuskar marigayiya ta fito, dattijo ya share ido, ya ce, "Ɗana, ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Shi kuwa Injiniya, ga abin da ya rasa: yarinyar da aka kusa ba shi, da yardar dattijo, da amincin shekara talatin tsakanin gidajen biyu. Sunan Injiniyan ma yanzu ba mai kiran sa da shi sai in za a yi dariya.