Katantanwa Biyu, Numfashi Ɗaya

Kyandir kawai Doña Nurys ta aiki 'yarta Yuderka ta sayo da yammacin ranar, kuma sau biyu tana jaddadawa cewa na ɗauke wuta ne, ba na addu'ar mamaci ba.

"Ɗana bai mutu ba. Duk wadda ta sake zuwar min da zancen addu'ar kwana tara, da tsintsiya zan raka ta."

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Wilkin, yayan Yuderka, ya shiga kwale-kwale daga garinsu Miches da shi da wasu mutum arba'in, suka nufi Puerto Rico neman aiki. Tafiyar ba ta kan wuce kwana biyu ba. Har yau wayarsa a kashe take.

Yuderka ta gama jami'a a bana, ta dawo gida da littafin rubutu cike da wata duniya da ta ƙaga: tsibirai dubu, sarauniyoyi bakwai, babu lantarki. Abin da ya hana ta sukuni shi ne yadda mutanen can za su riƙa magana daga nesa. Ta gwada tsuntsaye, ta gwada madubai, ta gwada ganguna, duk ta soke. Sai ranar da ta ji wani masunci yana busa katantanwar teku don sanar da dawowarsa. Ta samo manya guda biyu, ta goge bakinsu, ta ɗaura wa kowace shuɗin zare, har ta karanta musu wasu kalmomin da ta ƙirƙira, don dai ta ji yadda abin zai zauna a labari.

"Malama mai digiri," in ji Wilkin a lokacin, bakinsa cike da soyayyar ayaba. "Shekara huɗu a babban birni, ashe waya kika je ƙirƙirowa? Ai an riga ki."

"Ƙaton banza, waya murya take kaiwa. Wannan numfashi take musanyawa. In na yi magana, iskar ƙirjina ta tafi naka, taka ta dawo nawa. In kana gidan biki in shaƙi ƙanshin nama, in kana kurkuku in shaƙi tsatsa. Ba mai iya yin ƙaryar inda yake. Ka ga dabara?"

Ranar tafiyarsa ya cusa guda ɗaya a jakarsa. "In na sauka zan busa miki ƙanshin can, ki ƙara a littafinki."

Ɗayar tana cikin jakar Yuderka tun ranar. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Da yammacin nan ta sayi kyandir ɗin a kantin bakin titi, inda tsofaffi ke buga wasan domino suna zagin juna cikin kiɗan rediyo. Da za ta dawo sai ta yanke ta bakin teku. Rana ta riga ta nutse rabi. Don Tavito, tsohon masunci abokin marigayi babansu, yana zaune kan kifaffen jirginsa yana ɗinkin raga.

"'Yar Nurys, bi ta titi," ya ce bai ɗago ba. "Ruwan nan yau bai yi min ba."

"Baba, ai kullum haka kake cewa."

"Kullum ma ba ki ji."

Ta wuce. Ba ta yi taku hamsin ba kiɗan kanti ya ɗauke. Kwaɗi suka yi tsit. Igiyar ruwa tana zuwa tana komawa, amma ba ƙara.

Sai ta ji sanyi a kwankwasonta. Jakarta ta jiƙe.

Ta buɗe. Warin fetur ya bugi hancinta, da gishiri, da wani wari kamar na ragar da ta kwana a ruwa. Shuɗin zaren yana ɗiga. Daga bakin katantanwar wani sauti yana fita a hankali, ba irin shuuu ɗin da yara ke saurare ba. Ya fi kama da wanda ke son jan numfashi ya kasa.

Ta san dokar: abin da yake shaƙa, shi za ta shaƙa. Ita ta rubuta ta, shafi na sha huɗu.

Amma in injinsu ne ya mutu fa? In suna can suna yawo a kan ruwa? Za ta shaƙi zafin rana da busasshen katako, ta ruga ta tashi duk masuntan Miches. Kalma ɗaya ta isa ta sani.

Ta kai ta bakinta.

"Yaya?"

Iskar ƙirjinta ta fice gaba ɗaya, kamar an zare ta da igiya.

Abin da ya dawo ba iska ba ne.

Ruwa ne. Mai sanyi, irin sanyin inda rana ba ta taɓa kaiwa ba.

Ta durƙusa. Ta ja katantanwar, ta ƙi rabuwa da leɓenta. Sai muryar Wilkin ta taso ta cikin haƙoranta, ƙasa-ƙasa, da numfashinta na ɗazu.

"Yude... sake ta. Ba ni kaɗai ba ne."

Sannan ta ji sauran mutanen kwale-kwalen. Suna turereniya.

"Saura ni."

"Kaɗan kawai, 'yan mata."

"Ɗana... ba wa ɗana..."

Aka sake ja. Babu abin da ya rage a ƙirjinta, amma aka ja.

Yashi ya taɓa kuncinta. Sama ta yi baƙi daga gefe-gefe.

Ƙwal! Ƙotar filafilin Don Tavito ta sauka, katantanwar ta yi tsalle gefe da fatar leɓenta. Tsohon ya kifa ta, ya danna bayanta da gwiwa. Ta amayar da ruwa, da baƙin yashi, da wata ciyawa da ya ce shekara hamsin yana su bai taɓa ganin irinta a raga ba. Ya yi alamar gicciye.

"Jefa ta a ruwa, 'yata. Ko ki ba ni in farfasa."

Ta rarrafa ta rufe ta da jikinta. Yayanta yana ciki.

Daga ranar muryar Yuderka ta dishe, kuma duk abin da ta ci gishiri take ji. Ta yage shafi na sha huɗu ta ƙone, ta rubuta sabuwar doka wadda ba ta cin numfashin kowa. Ba abin da ya canja. Ta naɗe katantanwar a tsumma, ta ɗaga wani katako na daɓen ɗakinta ta tura ta ƙarƙashi. Kowace faɗuwar rana wurin yakan jiƙe.

Ta roƙi uwarta a yi addu'ar kwana tara. Doña Nurys ba ta ɗauko tsintsiya ba. Ta dai dube ta, ta daɗe tana dubanta.

A yamma ta uku Yuderka ta dawo daga ɗibar ruwa ta tarar da ita a ɗakin, durƙushe, ta manna kunne da katako, fuskarta a sake kamar ranar da Wilkin ya fara takawa yana jariri.

"Don Tavito ya faɗa min komai," ta ce a hankali. "Ke yarinya ce, ƙirjinki ƙarami. Ni wata tara ina yi masa numfashi, ban gaji ba. Wane katako ne ke ɗaguwa?"