Takalmin da ke Kallon Cikin Gida

Ranar da Wonjae ya fara ganin Danbi, ruwan wanke-wanke ne ya fara gaishe shi.

Ya bar motarsa a gindin tudun unguwarmu, ya hauro da kyamara a wuya. Irin 'yan Seoul ɗin nan ne da ke zuwa garinmu Taebaek tun da aka rufe ramukan kwal, su ɗauki hoton gidajen da aka tashi aka bari, su koma su ce sun ga abin tausayi. Mun tsane su, ba na ɓoyewa. Yana durƙushe yana ɗaukar hoton wasu tsofaffin takalma a kan dakalin wani gida, sai aka buɗe ƙofa aka sheƙa masa ruwa a ƙafa.

"Kai, ɗan birni!" in ji budurwar da ke riƙe da kwano. "An ce maka an mutu a gidan nan?"

"Yi haƙuri, na ɗauka ba kowa a ciki."

"Akwai. Mu ne fatalwar. Goge hoton."

Ya goge. Ya cire takalmansa da suka jiƙe sharkaf ya ɗora a kan katanga wai su bushe, ya koma mota da safa. Bayan mako guda ya dawo ɗaukarsu, ya manta ya tafi. Makon da ya biyo baya ma haka, har Danbi ta gaji da harara ta ba shi lambar waya.

Takalman da ya so ɗauka a hoto na baban Danbi ne. Matan masu haƙar kwal a garinmu, idan miji ya fita aiki, sukan juya takalminsa na gida ya kalli cikin ɗaki, don ya dawo da ransa. Ramin bai ci baban Danbi ba, amma ƙurar kwal ta cinye masa huhu. Shekaru ke nan yana kwance a wani asibiti can Donghae, bakin teku, kuma kullum da safe Maman Danbi sai ta goge takalman nan ta gyara musu zama.

Saƙonni suka fara tafiya. "Barkonona, yau na ci farfesun kaza a Seoul, ko kusa bai kai na shagon abincinku yaji ba. Laifin bakinki ne."

Ita kuma ta amsa: "Ɗan yawo, ka zo ka kwashe takalmanka. Amma kada ka yi gudu a hanya, Yaya, akwai hazo a kan dutse."

Maman Danbi kuwa ko inuwarsa ba ta son gani. Ranar da ya rusuna ya ce, "Ina wuni, Mama," ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ban haife ka ba. Danbi, zuba masa ya ci ya kama gabansa."

Ta ɗauki takalmansa daga katanga ta ajiye a wajen ƙofa suna kallon titi. Kowa a unguwa ya san ma'anar wannan. Babban ɗanta ya tafi Ulsan neman aiki, yau sai dai murya a waya. Maƙwabta sun tafi, makarantar unguwa ta rufe. Danbi kaɗai ta rage mata.

"Mota ce ta kawo shi," ta ce da 'yarta, "mota ce kuma za ta tafi da ke. Ga Gilsu nan, ɗan gida, ko bakin gari bai taɓa sha'awar wucewa ba."

Gilsu mai motar jan motoci ne, ya daɗe yana zarya a shagon. Shi ya tono wani tsohon bidiyo da Wonjae ya saka a intanet tun zuwansa na farko garinmu, ya kai wa uwa da 'ya har gida. A saman bidiyon an rubuta: Garin da ya mutu.

Danbi ta rubuta masa: "Ashe gawa ka zo nema. To ka samu. Kada ka ƙara kirana."

Ya kira ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Na yi shi kafin in san ki, amma ni na yi shi, kuma na ji kunya. Zan zo ki zage ni ido da ido."

Ranar Lahadi ya sami Danbi da mamanta a tasha za su je duba babanta. Maman Danbi ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta buɗe gaban motarsa ta shige.

"Mu je. Gara ka ji daga bakin ubanta, mu huta."

Ban taɓa jin labarin tafiya mai zafi irin wannan ba. Hanyar tana murɗewa a tsakanin duwatsu tana gangarawa teku, tsohuwa kuma ba ta bar shi ya numfasa ba. In ya rage gudu ta ce, "Gawa ka ɗauko?" In ya ƙara ta ce, "Kashe mu, ka samu abin ɗauka a hoto." Danbi na baya ta juya fuska ga taga. Sau ɗaya ya neme ta ta madubi, ta ce, "Kalli titi."

A asibiti suka tarar da tsohon zaune da robar iska a hanci. Matarsa ta danna masa waya a hannu.

"Ga abin da mai son 'yarka ya ce da garinka."

Ya kalli bidiyon. Can ya sa yatsa a kan gilashin.

"Wannan ai gidan wankanmu ne. Nan muke zuwa in mun fito daga rami baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani." Ya yi tari mai tsawo. "Maido baya. Ga gadar da nake jiranki a kai."

"Ba tarihi na kawo maka ba!"

Tsohon ya ɗago ya dubi Wonjae. "Wanda ya rubuta kalmar nan jaki ne."

"Haka ne, Baba."

"Jakin yana da mota?"

Likita ya yarda a kai tsohon ya ga garinsa, yini ɗaya tak. Lahadin da ta zagayo, Wonjae ya ɗaure tukunyar iska a kujerar baya, ya goya tsohon zuwa mota, ya hau duwatsu da shi a hankali. Duk inda aka ce tsaya sai ya tsaya: bakin tsohon rami, gada, gonakin kabeji. Kyamara tana cikin but ɗin motar, bai taɓa ta ba. Da suka iso gida, tsohon ya tsaya a dakali, ya zura ƙafafunsa a takalman nan, ya taka zuwa cikin ɗaki.

Maman Danbi ta shige kicin, muna jin kukanta har waje. Da ta fito idonta ja, kan Wonjae ta sauke fushin.

"Kada ka ɗauka ka saye ni. Za ka zauna a garin nan ko za ka ɗauke ta?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama. Aikina a kan hanya yake. Amma daga nan zan riƙa tashi, nan kuma zan riƙa dawowa."

"Haka duk suka ce."

Da yamma ya mai da tsohon asibiti, ya wuce Seoul don ya yi magana da iyayensa, ba tare da an ce masa e ko a'a ba. Da safe Danbi ta fito shara, ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Takalman Wonjae ba sa bakin titi. Suna kan dakali kusa da na babanta, an goge su, suna kallon cikin gida.

Ta ɗauko waya ta rubuta: "Yayana, ka dawo. Mama ta juya maka takalmi."

Amsa ta zo nan take: "Barkonona, na tsaya a gefen titi. Hawaye ba sa barina in ga hanya sosai."

Da kaka aka yi bikin, lokacin da ake yankan kabeji. Gilsu bai zo ba. Ango da kansa ya je ya ɗauko surukinsa, 'yan unguwa da suka rage muka cika zauren bikin muka sa albarka. Da ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye, tsohon ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da numfashi mai tsawo.

Maman Danbi ta daɗe tana kallon angon.

"Har yanzu ba ka iya tuƙi ba," ta ce. "Ka je duk inda za ka je, ɗana. Amma in ka sa na goge takalmin nan a banza, ba zan yafe maka ba."