Na Gaida Ya Hajja a Tsaye

A tsaye na gaida ta.

Ɗakin cike yake da mata 'yan ta'aziyya, kowacce in ta shigo sai ta zube har ƙasa gaban Ya Hajja, mahaifiyar Abdulnasir, wadda ta yi rashin ƙaninta. Ni kuwa Mu'mina, da aka sa ranar aurena da ɗanta, na tsaya ƙiƙam na ɗan rusunar da kai kawai.

"Ya Hajja, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ba ta amsa ba.

Ammatullahi, ƙanwar Abdulnasir, wadda dama ƙawarta take yi wa kwaɗayin aurensa, ta taɓe baki.

"Malamar makaranta ce ai. Su gwiwarsu ba ta taɓa ƙasa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja takalmina na bar unguwarsu ta Bulabulin, na ce wa mai keke napep ya bi a hankali don Allah, duk ramin da ya faɗa sai na ji shi a tsakiyar bayana.

Babu wanda ya san dalilina. Makonni kaɗan kafin nan ne na ɗaga jarkar ruwa na ji ƙas a gadon bayana. Dakta Ketura ta duba hoton bayana da aka ɗauka a asibiti ta ce ƙasusuwana sun zaizaye daga ciki, ga tsagewa a ƙashin baya. Maganin asmar da nake sha tun ina yarinya ya ci su, ga kuma gado.

"Kada ki sunkuya, kada ki ɗauki nauyi, sai wurin ya haɗe," in ji ta. "Sallah ma a kan kujera."

Da ta ce gado, Innata na gani a raina. Bayanta ya lanƙwashe tun ba ta tsufa ba. Santsi ya kwashe ta a wurin alwala, ƙugunta ya karye, daga kwanciyar nan ba ta sake tashi ba. Ina kusa da ita ranar, na ji ƙarar. Har yau in an karya itacen girki sai gabana ya faɗi. In na duba madubi sai in juya gefe, ina neman bayan Inna a jikina.

Na canja rayuwata ba tare da na faɗa wa kowa ba. Na ba da takalmana masu tsini. Ina shan ƙwayoyin maganina, ina shan nono, ina zama a hantsi kamar kaza. Amma Abdulnasir na kasa faɗa masa. Wa zai auri macen da za ta iya karyewa a hannunsa?

Da la'asar washegarin ta'aziyyar Abdulnasir ya zo gidanmu a unguwar Bulumkutu. Ko zama bai yi ba.

"Mina, me Ya ta yi miki?"

"Ba komai..."

"Ta ce a ɗaga biki. Kin san Ya, in ta ce a ɗaga, fasawa take nufi. Ta ce yarinyar da ba ta rusuna mata ranar makoki ba, ba za ta rusuna wa ɗanta ba." Muryarsa ta yi rauni. "Hasken idona, ni na san ba halinki ba ne. Faɗa min."

Sai na fashe da kuka. Na faɗa masa duka, har da Inna.

Da na gama, sai ya ce:

"Kin ɗauki wannan ke kaɗai? Ni mene ne amfanina?"

"Ka je ka nemi mai lafiya, Nasir. Na ga abin da jinya ta yi wa Babana. Ba na son in ga haka a fuskarka."

"Ke kika zaɓa min ko ni na zaɓa?" Ya tsuguna a gabana yana kallon idona. "Jarka ni zan ɗauka. Asibiti ni zan kai ki. In bayan ya lanƙwashe, to nawa ne ya lanƙwashe. Amma Ya, ke za ki faɗa mata da bakinki."

Abin da nake tsoro ke nan. Uwa tana iya yafe wa suruka mai girman kai, ta ce za ta gyaru. Mai ciwon da ba ya warkewa fa?

Ranar Juma'a ya kai ni. Ya Hajja na zaune a kan darduma da carbinta, turaren wuta na tashi, Ammatullahi na gefe tana danna waya. Na tsaya a wurin da na tsaya rannan, na faɗi gaskiyata.

"Ikon Allah," in ji Ammatullahi. "Yanzu majinyaciya za a kawo mana gida?"

"Rufe min baki," Ya Hajja ta ce, ba tare da ta dube ta ba. Ni take kallo. "Yana warkewa?"

"A'a, Ya. Ana dai lallaɓa shi."

"Haihuwa fa?"

"Likita ta ce da kulawa, in Allah ya nufa."

Ta koma jan carbinta. Sai na ji auren yana zamewa daga hannuna. Zuciyata ta ce in ba ta abin da na hana ta, ko da bayan zai tsage. Na dafa bango, na fara sauka. Zafi ya soke ni, ƙarar nan ta Inna ta cika min kunne.

"Mina, kada..." Abdulnasir ya yunƙuro.

"Tsaya, yarinya."

Muryar Ya Hajja ce. Na tsaya a rabin hanya, hawaye na zuba.

Ta ajiye carbin. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, ta yi nishi, ɗanta ya miƙa mata hannu ta ture shi. Matar da duk Bulabulin ake zube wa, wadda ban taɓa jin ta tashi wa yaro ba, ta miƙe da ƙyar ta tako har inda nake. Ta riƙe kafaɗuna ta ɗago ni a hankali, har na tsaya daidai.

"Da kin faɗa min rannan, da ban kwana da ke a raina ba," ta ce. "Tunda ba kya iya saukowa, ni na taso. To, gaida ni, 'yata."

Na buɗe baki, kuka ya hana ni. Ita ta fara gaishe ni.

"Wushe, sannu amarya. Ya jikin?"