Ƙafar Da Ba A Sauke Ba

Yammacin ranar bai zo da wata alama ba. Mai Tsana yana zaune a bakin ɗakin aikinsa yana kankare busasshen gam daga yatsunsa, yayarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, tana kwashe shanya, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Sai tsakuwa ta faɗo kan kwano. Gwaggo ta ce 'ya'yan maƙwabta ne, ta leƙa titi da masifa cike da bakinta, ba ta tarar da ko kyanwa ba. Wata ta sake faɗowa. Wadda ta biyo baya kuwa daga cikin ɗakin aikin ta gangaro, ta tsaya a gaban ƙafarsa.

Ya ɗaga kai ya ga 'yarsa tilo tsaye a bakin ƙofar falo. Ƙafarta ɗaya tana sama kamar za ta taka wani abu, ba ta sauke ba. Ya kira ta, ta juyo da wuyanta kaɗan, ta tsaya, ta ƙara juyowa kaɗan, ta tsaya. Ya san wannan motsin fiye da kowa a duniya. Da hannunsa ya ƙirƙire shi.

Sana'arsa ke nan. Yakan haɗa 'yar tsana da waya da auduga, ya tsayar da ita gaban kyamara, ya ɗauki hoto, ya gusar da hannunta kamar faɗin gashi, ya sake ɗauka. In an jera hotunan sai a ga tana tafiya. Aiki ne na masu haƙuri, ko kuma, kamar yadda Gwaggo take faɗa, na waɗanda ba su da abin yi. Wanda ya koya masa ya taɓa gargaɗinsa cewa ba a barin tsana a tsakiyar motsi, in ka ɗaga mata ƙafa, sauke mata kafin ka rufe ɗaki. Shi dai ya ɗauka don kada wayar ta lanƙwashe ne.

Fim ɗinsa na ƙarshe daga wani ƙaramin littafi ya ciro shi, wanda marigayiya matarsa take karanta wa yarinyar har bangonsa ya yage. Labarin wata uwa ne da ta raka ɗanta bakin kogi, ta ba shi fitila, ta shiga kwalekwale ta tafi. Bayan rasuwar matar ya kulle kansa a kan aikin. Ya yanki gefen mayafinta ya yi wa tsanar uwar sutura, yana aiki yana yi mata hira kamar matarsa ce. Da ya zo ƙarshe, ya ɗaga ƙafar uwar a kan kwalekwale, sai hannunsa ya ƙi. A nan ya yanke fim ɗin, ya ja ƙofa, ya bar ta a haka.

Ranar da aka haska shi a ɗakin taro, yara suka fara da dariya saboda tafiyar tsanar, har wani ya tashi yana kwaikwayonta. Dariyar ba ta yi nisa ba. Da uwar da ke cikin fim ɗin ta juyo ta kalli jama'a, wani dattijo ya ce a'uzubillahi da ƙarfi, wata mata ta rufe idon ɗanta da tafin hannu, wata ta ɗauki jakarta ta fice tana cewa ita ba ta zo a lalata mata barci ba. Samarin da ke baya suna ta raɗa cewa wannan ita ce gwaninta. Da allon ya yi baƙi, ƙafa tana sama, babu wanda ya tafa. Wata ƙaramar murya ta tambaya, "To ta shiga ko ba ta shiga ba?" Kusa da shi 'yarsa ta ce, a hankali, "Mama." Ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Bayan haskawar ne aka fara jifan, kuma tun daga wannan yammacin gidan bai ƙara zama daidai ba. Wayarsa ba ta hutawa, wannan ya ce ɗansa ya ƙi kwana shi kaɗai, wancan ya ce bai taɓa ganin fim mai kyau irinsa ba amma ba zai sake kallo ba. Shi kuwa abin da ke gabansa ya ishe shi. Da rana yarinyar lafiya ƙalau, sai rashin magana. Da zarar rana ta karkata sai jifa, sai wata murya daga ɗakin aikin tana karanta littafin a hankali, sai yarinyar ta je bakin ƙofa ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ta kumbura. Likita ya duba bai ga komai ba. Kullum tsayuwar tana ƙara tsawo, kuma Mai Tsana ya fara jin tsoron ranar da ba za ta sauke ba.

"Ƙanena," in ji Gwaggo, idonta ya yi ja, "ka rasa uwar, kana so ka rasa 'yar? Na kira malam, ko ka so ko ka ƙi."

Malamin tsoho ne mara yawan magana. Ya zo gab da magariba, ya zauna kusa da yarinyar da ke tsaye, ya fara karatu. Jifa ya tsananta, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Bakin yarinyar ya buɗe kaɗan-kaɗan, muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a gajiye.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mazauniyar ɗakin can. Kafin a haifi uban yarinyar nan ina ciki."

Mai Tsana ya matso, bakinsa ya fara kiran matarsa. Malam ya ɗaga masa hannu. "Matarka tana inda Allah ya ajiye ta, ɗana. Wannan ba ita ba ce."

"Ban ce ni ce ba," in ji muryar. "Shi ya yi ta yi wa tsana magana yana kuka, babu mai amsa masa, tausayi ya kama ni na shiga. Ya motsa ta, na bi. Sai ya ɗaga min ƙafa ya tafi ya bar ni. Na kasa gaba, na kasa baya. Ya kai ni gaban mutane, suka yi min dariya, suka nemi tsari da ni, suka rufe idon 'ya'yansu. Yarinyar nan kaɗai ta kira ni da abu mai daɗi."

"Shi ya sa kika saka mata da wannan? Dubi ƙafarta. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A bar min ita da yamma kawai."

"Ko ƙiftawar ido."

Muryar ta ce, "To ya sauke min ƙafa. Ya sa ni a kwalekwalen da hannunsa, yadda littafin ya ce. Na gaji."

Malam ya dubi Mai Tsana. Mai Tsana ya tashi ya buɗe ɗakin da ya daɗe yana gudu. Tsanar tana nan bakin kogin takarda, ƙura ta hau mayafin, ƙafa tana sama. Ya kunna fitila, ya daidaita kyamara. Ya sa yatsa ya sauke ƙafar kaɗan, ya ɗauki hoto. Ya ƙara. Daga tsakar gida Gwaggo ta yi salati ta ce, "Tana saukewa, ƙanena, ci gaba!"

Ya ci gaba. Ya zaunar da ita cikin kwalekwalen, ya gyara mata mayafi kamar yadda yakan gyara wa mai shi. Yana turawa kaɗan yana ɗauka, hawaye ya hana shi ganin allon kyamarar, amma hannunsa ya san hanya. Sai a lokacin ya yarda cewa ba don fim ya yi kyau ya yanke shi a can ba, ya ƙi yarda ne ta tafi. Kwalekwalen ya kai ƙarshen teburin, ya fita daga hoto. Wata iska mai sanyi ta bi ta gefen kunnensa ta fice ta taga.

Da ya fito ya tarar da yarinyar zaune a jikin Gwaggo, malam yana tofa mata addu'a. Ta ɗago kai da sauƙi, irin na mutane, ta dube shi.

"Baba, ta shiga?"

Ya durƙusa ya riƙe ƙafar da ta kumbura da hannu biyu. "Ta shiga, 'yata. Mama ta tafi."

Tun ranar rasuwar babu wanda ya faɗa mata haka. Ta kifa kai a kafaɗarsa ta fashe da kuka, shi ma ya taya ta, Gwaggo kuwa ta bar su, ta ɗauki tsintsiya ta fara share tsakuwar da ta cika tsakar gida.