Muryar da Ke Cikin Darasi na Tara

Rana ta yi ja lokacin da Ticha ta rufe kanta a ɗakin ajiya don naɗar darasi. Shekara biyu ke nan tana koyar da Turanci ta waya. Takan zauna gaban kwamfuta, ta jawo makirufo, ta faɗi jimla a hankali, sannan ta yi shiru don ɗalibi ya maimaita a can inda yake. In ta gama, ta tura wa ɗalibanta. Ɗakin babu taga, sai tsofaffin katifu da kwalayen littattafai, shi ya sa ta zaɓe shi, ba ya amsa kuwwa. Mijinta, mai gyaran firji, ya sha ce mata ba a zama irin wannan ɗaki da magariba. Ita kuwa sai ta ce ai lokacin ne kaɗai gudumarsa ke barin mutane su huta.

Ran nan darasi na tara ta naɗa, minti goma sha ɗaya. Da ta saurara, sai ta ji a duk inda ta yi shiru wata siririyar murya tana maimaita jimlar, tsaf, babu gargada. Ta yi dariya. Wa zai yi wannan in ba Auta ba, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, wadda bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci? Abin ya yi mata daɗi, ta tura shi yadda yake. Ɗalibai ɗari uku suka yi ta yabo, suna cewa yarinyar nan ta sauƙaƙa musu.

Da dare suna cin abinci, Ticha ta dubi Auta. "'Yar nema, yaushe kika laɓe mini a bakin ƙofa?"

"Ni, Umma? Ai ina gidan Yaya tun la'asar."

Ticha ta ajiye cokalin da ke hannunta.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, daidai saman ɗakin ajiya. Maigidan ya hau da tocila, bai ga ko kyanwa ba. Rana ta uku, Auta na tsakiyar ba da labarin wata ƙawarta, sai maganar ta yanke. Leɓenta na motsi, babu sauti. Ta kama wuyanta, ta dubi uwarta, hawaye suka zubo.

Wayyo, babu inda ba su je ba. Likita ya leƙa maƙogwaro ya ce lafiya lau. Wani ya ce firgita ce, a ba ta lokaci. Sati huɗu gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Macen da ta buɗe bakin mutum ɗari uku, ga ta zaune gaban 'yarta tana cewa, "Ce Umma. Umma kawai," yarinya na girgiza kai.

Ƙanin maigidan ne ya kawo wani tsohon malami, siriri, mai tafiya da sanda. Bai tambayi komai ba. Ya sa aka zaunar da Auta a bakin ɗakin, ya fara karatu bayan la'asar. Har inuwa ta cinye tsakar gida bai ɗaga murya ba. Can sai wuyan yarinyar ya sanƙare, bakinta ya buɗe, siririyar muryar nan ta fito. Ticha ta gane ta nan take.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai ɗakin nan ne. Na riga katifun nan zuwa."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ita ba. Uwarta kullum takan ce a maimaita, ta yi shiru tana jira. Babu kowa sai ni. Na ji kunyar barin ta ita kaɗai, na amsa sau ɗaya. Sai ta kama muryata ta raba wa duniya. Duk wanda ya kunna, sai an fizgo ni, in tsaya in maimaita masa. Ban huta ba. Ta riƙe tawa, na riƙe ta 'yarta."

"Zalunci ba ya gyara kuskure. Fita, ta goge."

"Ta goge duka, in tafi."

Ticha ta goge darasin daga kwamfuta, ta goge daga waya, ta cire shi daga shafinta. Ta tura saƙo tana roƙon ɗalibai don girman Allah su goge. Amsoshi suka fara shigowa. Wannan ya goge, amma ya riga ya tura wa ƙanwarsa. Waccan ta sa a rukunin makarantarsu. Wani ma ya ɗora shi a intanet, wai don sadaka.

"Malam, ba zai goge ba," ta ce, tana kuka. "Ya fi ƙarfina."

Malam ya daɗe yana ja da aljanin, da ayoyi, da lallashi, da tsawa. Daga ƙarshe muryar ta ce, "Zan bar jikinta, zan bar gidan. Amma duk sa'ar da aka kira ni, da muryarta zan je. In an gama in mayar."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kife. Da ta farfaɗo, ta ce, "Umma, ƙishirwa." Malam ya ɗauki sandarsa, ya ce iyakar abin da Allah ya ba shi ke nan.

Tsakuwa ta daina sauka. Ticha ta sa kwaɗo a ɗakin, ba ta sake naɗar komai ba, sai saƙon roƙo da take turawa kowace safiya. Auta ta koma surutunta. Amma takan kasance tana tsakiyar dariya, ko tana amsa tambaya a aji, sai maganar ta ɗauke. In a gida ne, uwar takan jawo ta jikinta, ta dubi agogon bango. Ta san a wani wuri wani bawan Allah ya zauna da wayarsa yana koyon Turanci, yana sa mata albarka. Sai su jira minti goma sha ɗaya.