Ruwan Lagireto a Gindin Tsamiya

Sau uku Haladu yana canza wa tsohuwar jif ɗinsa lagireto, amma duk sanda ya iso wata tsamiya da ke hanyar Dingaya sai inji ya ɗau zafi. Ran nan da almuru ta sake yi masa. Yana ɗaga bonet, wata mata mai goyo ta yi sallama, muryarta kamar daga cikin rijiya.

"Malam, motarka lafiyarta ƙalau. Watan jiya ka juye tafasasshen ruwa a nan, ko bisimilla ba ka yi ba."

"Ai ba kowa a wurin, baiwar Allah."

Ta kwance goyon. Fatar bayan yaron duk ta saluɓe, har yanzu tururi na tashi, yana warin tsatsa.