Inshorar Gindin Darbejiya

A unguwar Sharaɗa akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Auta akwai wayo, ga saurin baki. Kafin ka gama tambaya ta ba ka amsa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

A lokacin hutu yayarta Badi'a ta sami lasin tuƙi. Baba ya ba ta makullin tsohuwar motarsa. Murna ta cika gidan, domin motar za ta yi amfani. Umma tana dafa abincin sayarwa, kuma wani kamfanin robobi ya ce a kawo wa ma'aikatansa abincin rana na gwaji. In ya iso a kan lokaci, aikin ya zama na Umma. In an makara, a ba wasu.

"Sai dai mota ba ta hawa titi babu inshora," in ji Baba.

Badi'a ta je ofishin inshora, ta ji kuɗin ya yi mata nauyi. A hanyar dawowa wani mutum ya kira ta daga gindin darbejiya. Ya yi mata takarda nan take a rabin kuɗi, har da tambari mai ƙyalli.

Baba ya juya takardar, ya sake juyawa. "Badi'a, araha fa ba ta ado. A duba ta a waya. Ana sa lambar mota, in ta gaskiya ce za ta fito." Ya ɗauki hularsa ya tafi kasuwa.

Badi'a tana tsakar wanke tukwane, hannunta duk kumfa. "Auta, ɗauki wayata ki duba mana."

Auta ta ɗauki waya. Ta ce bari ta fara kallon bidiyo ɗaya tak na wani biri mai satar ayaba. Ɗaya ya ja biyu, biyu suka ja goma. Kafin ta farga data ta ƙare ƙaf.

"Kin duba?" Badi'a ta tambaya daga tsakar gida.

"Na duba, Yaya. Tana nan lafiya lau."

Kun ji fa. Bakin ya riga tunanin fita, kamar yadda ya saba.

Washegari aka cika kuloli da shinkafa da wake da miya. Auta ta shige gaban mota, tana ta ɗaga wa ƙawayenta hannu. Da suka shiga layin kamfanoni sai ta sauke hannu, ta zuba ido. Tireloli ne jere, tayar kowacce ta kusa kai tsayinta. Ga gine-gine masu tsawon gaske, ƙasa har rawa take saboda rurin injina.

A ƙofar kamfanin mai gadi ya tsayar da su. Wata mata mai hular kwano a kan mayafi ta fito. Ita ce Hajiya Atika, mai kula da duk motar da ke shiga da fita. Ta karɓi takardun, ta danna lambar motar a wayarta. Ta jira. Ta sake dannawa.

"'Yata, motar nan ba ta da inshora. Wannan takarda ce kawai. Ba zan bar ta ta shiga ba."

"Hajiya, an duba jiya! Ƙanwata ce ta duba."

Suka juyo gaba ɗaya suka dubi Auta. Ta tuna Umma, wadda tun asuba take bakin murhu, idonta ya yi ja saboda hayaƙi.

"Ban duba ba," ta faɗa a hankali, hawaye na zubowa. "Bidiyo na kalla har data ta ƙare. Ku yafe mini."

Badi'a ta dafe kai. Lokacin cin abinci ya kusa, ɗakin cin abincin kuma yana can ƙarshen kamfanin, ga kuloli masu nauyi.

Auta ta goge ido, ta rungumo kula ɗaya. "Ni na jawo. Zan kai su da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya." Ta ɗaga, ta yi taku uku, ta dire tana haki.

Hajiya Atika ta dube ta. Sannan ta ɗaga murya. "Malam Uba! Kawo abin hawanka."

Sai ga Malam Uba ya tuƙo wata 'yar mota ruwan ɗorawa, da ƙarafa biyu a gabanta kamar hannuwa. Aka jera kulolin duka a kan katako. Malam Uba ya taɓa wani ɗan ƙarfe, kulolin suka tashi sama kamar an ɗauki faranti. Auta ta saki baki.

"Ikon Allah!"

Suka bi bayan motar a ƙafa. Ta wata babbar ƙofa Auta ta hango wani inji da ya fi ɗakin Umma girma. Ana zuba masa ƙwayoyin roba ta sama, yana fito da bokiti ta ƙasa. Ja, shuɗi, kore, ba ya gajiya. Ta manta da kuka sam.

"Hajiya, don Allah me ya sa kuka damu da inshora haka?" ta tambaya.

Hajiya ta nuna mata wata sabuwar katanga. "Kin ga waccan? Bara wani sabon direba ya ja baya ya rushe ta. Ko motarsa ya sayar ba zai iya gina ta ba. Amma inshorarsa ta gaskiya ce, kamfanin inshora ya biya."

"A ina suka sami kuɗin?"

"Dubban direbobi ne, kowa ya zuba kaɗan. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, a share masa hawaye daga ciki. Kamar gudummawar biki ce."

Auta ta tsaya cak. "Mutanen da ba su ma san shi ba?"

"Ba su taɓa ganinsa ba."

Wannan ya fi injin bokiti ba Auta mamaki. Ta dubi katangar, tana tunanin direbobin unguwannin Dakata da Bompai da Challawa, kowa da bulonsa a ciki bai sani ba.

Hajiya ta juya ga Badi'a. "Ke kuma sabuwar direba, ki fara da ƙaramar inshora, wadda ke biyan ɓarnar da kika yi wa wani. Ita ce mai sauƙi, kuma hukuma ce ta yanke farashinta. Duk wanda ya ce miki rabin kuɗi, takarda zai sayar miki. Ki je kamfani mai rajista, kuma ki duba da idonki kafin ki bar wurin."

Suna ajiye kular ƙarshe aka kaɗa ƙararrawa. Ma'aikata suka shigo, suka ci har da neman ƙari.

"Abinci ya yi," in ji Hajiya Atika. "Amma gobe babu motar Malam Uba. In inshora ba ta fito ba, aiki ya tafi."

Motar ma a nan bakin ƙofa suka bar ta, suka hau adaidaita sahu zuwa gida. Auta ta durƙusa gaban Umma da Baba ta faɗi komai.

"Kin yi laifi, kuma kin kyauta da kika faɗi gaskiya," in ji Baba. "Da yau yayarki ta bugi motar wani, da gidan nan kaf ya shiga uku. Abin da ba ki duba ba, kada ki ce kin duba."

Da la'asar Baba ya raka su ofishin inshora na gaskiya. Da aka gama, Auta ta sa lambar motar a waya, Badi'a na leƙe ta kafaɗarta. Sai ga sunan motar ya fito, har da launinta. Daga nan suka je suka ɗauko ta.

Washegari Hajiya Atika ta danna wayarta, ta yi murmushi, ta ɗaga wa mai gadi hannu. Ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta buɗe a hankali, tsohuwar motar Baba ta shige tsakanin tireloli. Aiki ya zama na Umma.

Tun daga ranar, in aka tambayi Auta abin da ba ta tabbatar ba, sai ta ce, "Ban sani ba tukuna, bari in duba."